Ta wace ƙofa jinin ke fita? Tarihin ƙarancin jini a ƙauyukanmu na Jazira

Kai da ka saba shiga kasuwar dabbobi ba sai an koya maka ba. Kafin ka taya rago sai ka kama kansa, ka ja fatar idonsa ta ƙasa da babban yatsa, ka leƙa. In ciki ja ne wur, ciniki ya ci gaba. In ka ga ya yi fari fat, ka san akwai abin da ke shan jininsa, ko tsutsar ciki, ko kaska, ko ciwon hanta, in kuwa saniya ce da ta yi kiwo a dazukan kudu sai ka ce sammore. Wannan dabara ta makiyaya ce likitocin dabbobi na Afirka ta Kudu suka mai da ita kati mai launi 5 a shekarun 1990, suka sa masa suna FAMACHA, ana kara shi jikin idon tunkiya a gwada. To ga tambaya, kuma ba don cin fuska ba: yaushe rabonka da ka duba idon maiɗakinka mai juna biyu, ko na yaron da aka yaye bara?

Abin da kake nema a idon rago shi ne likita ke nema a idon mutum. Mu muna cewa ƙarancin jini, tsofaffinmu kan ce fara ta kama wane, maƙwabtanmu Larabawa su ce fakrud-dam ko animiya. Cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi ƙanana waɗanda ɓargo ke ƙerawa, kowace tana ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin. Shi ne ke lodin iska daga huhu ya sauke wa sauran jiki, kamar yadda ayarin fatake ke bin zango zango. Ƙwaya ɗaya takan yi kwana 120 tana wannan safara, sa'an nan saifa ta janye ta, ɓargo ya sako sabuwa. Ba a ƙera himogulobin sai da ƙarfe, ƙarfe dai na gaske, amma duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, nauyin ƙaramar ƙusa. A awon Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji in himogulobin ɗinsa ya gaza 13 yana da ƙarancin jini, mace in ya gaza 12, mai ciki in ya gaza 11. In mai ciki ko ƙaramin yaro ya sauka ƙasa da 7, magana ta zama ta asibiti yau yau. Ƙididdigar hukumar ta 2019 ta ce yara 40 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya suna fama da shi, haka masu ciki 37 cikin 100.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ƙarancin jini ba cuta ɗaya ba ce, alama ce, kamar ramar dabba. Ko dai jiki ba ya samun kayan ƙera jinin, ko ana farfasa shi kafin lokacinsa, ko yana tsiyaya ta wata kafa a ɓoye. A ƙauyukan Hausawa na wajen Kamlin da bakin Nilul Azrak kowace ƙofa cikin ukun nan tana da tarihinta, wata ma har da shekarar da aka buɗe ta.

Kamlin tsohon gari ne a gaɓar yamma ta kogin, tsakanin Khartum da Wad Madani, tun zamanin Turkawa an yi masana'antar baba da ta sabulu a cikinsa. Kakanninmu kuwa hanyar Makka ce ta kawo su wannan ƙasa. Alhazan ƙasa sun daɗe suna ratsowa ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma shekara ɗaya ko biyu su tara guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Amma abin da ya cika Jazira da mutanenmu auduga ce. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe Mashru'ul Jazira da faddan wajen 300,000 don masaƙun Ingila su sami auduga. Hawasha ta masu ƙasa ce, amma tsinkar auduga da nome ciyawa da yashe magudanan ruwa sun faɗa hannun baƙi 'yan ƙodago, waɗanda aka haɗa su duka aka kira Fallata. Da yawansu ba a ba su wurin zama cikin ƙauyukan da aka shata ba, sai suka kafa bukkoki a bakin tur'a. Su ne kambo da ka sani. Ba rijiya, ba famfo, ba shadda. Tur'a ita ce randa, ita ce wurin wanka da wanki da shayar da jaki.

Turawan mulki sun san abin da ruwan noman rani ya yi wa Masar, don a Alƙahira ne likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a 1851. Saboda haka suka sa shinge, ana tsare ma'aikatan Masar a Wadi Halfa, masu zuwa daga yamma kuma a Kosti da Sinnar, a gwada su, mai tsargiya a yi masa allura kafin ya wuce. Allurar ma a Khartum aka fara tabbatar da ita: Dakta Christopherson ne ya bayyana a 1918 cewa wani magani mai guba da ake kira tata emetik yana kashe tsutsar, ko da yake masu shan allurar sun sha wuya. Shingen bai hana komai ba. A ganina an tsaya tsaron mutum ne aka bar ainihin mai masaukin, wato 'yar katantanwar nan da ke maƙale jikin ciyawar tur'a da abu ishirin. Mai cutar ya yi bawali ko bahaya kusa da ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar wanda ya tsoma ƙafa. Tsutsar sai ta zauna cikin jijiyoyin jini shekara da shekaru tana zuba ƙwai, ƙwan yana yaga hanji ko mafitsara. Tsargiya iri biyu ce. Ta fitsarin jini kowa na ganinta, har a wasu garuruwan ƙasar Hausa akan ɗauke ta alamar yaro ya fara zama namiji, alhali jininsa ne ke zuba. Wadda ta fi yawa a Jazira kuwa ta hanji ce, mai aiki shiru, sai an daɗe a ga saifa ta kumbura, hanta ta taurare, wata rana magidanci ya kama aman jini.

Ruwan da ya raini katantanwa shi ya raini sauro. A da zazzaɓi baƙon damina ne, kaka ta wuce ya tafi. Da aka ƙara faɗin aikin da yankin Manakil a ƙarshen shekarun 1950, aka gama madatsar Rusairis a 1966, aka shigo da alkama da gyaɗa cikin juyin noma, sai tur'a ta kusan daina bushewa, sauro ya sami gida shekara zagaye. Feshin da jirage ke yi wa auduga kuma ya horar da shi, har DDT ta daina kashe shi. A tsakiyar shekarun 1970 zazzaɓi ya kwantar da Jazira a daidai lokacin tsinkar auduga. Ka san yadda yake rage jini? Likitan sojan Faransa Laveran ne ya fara ganin ƙwayar cutar a 1880 a Aljeriya, kuma cikin jajayen ƙwayoyin jini ya gan ta. Nan take shiga ta hayayyafa ta fasa ɗakin ta fito. Saifa kuma sai ta hau share har waɗanda ba su kamu ba, ɓargo ya yi sanyin aiki. Yaron da ya yi zazzaɓi sau uku a damina ɗaya, ko ya miƙe yana wasa, jininsa bai dawo ba.

Wannan masifa ce ta haifi Shirin Lafiya na Nilul Azrak a 1979, haɗin gwiwar gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya, mai ofis a Wad Madani. Ya ɗauki zazzaɓi da tsargiya da gudawa a matsayin 'ya'yan uwa ɗaya, wato ruwa. Aka yi feshi a gidaje, aka zuba maganin katantanwa, aka raba sabuwar ƙwayar firazikwantel wadda sha ɗaya ke yin aikin da allurai da yawa suke yi a da, aka gyara famfuna da shadda. Ƙauyukan da fiye da rabin mutanensu ke da tsargiya suka sauko ƙasa ƙwarai. Shekara 10 aka yanka wa shirin, da kuɗin masu ba da taimako ya ƙare sai feshi ya tsaya, a farkon shekarun 1990 zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Tur'a ba ta san wa'adin shiri ba.

Kai makiyayi da ke gangarawa Dindir da bakin Rahad da ƙasar Gadarif da rani, akwai wata da ke jiranka can, kala'azar. Wani ɗan ƙuda ne da bai kai sauro girma ba ke ɗaukarta, yana zama cikin dajin dushe da aduwa da tsagar baƙar ƙasa. Zazzaɓin da ya wuce mako 2 bai ji maganin sauro ba, ga rama, ga saifa ta cika ciki, ga ido fari, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe. Ba a yi mata magani ba kisa take yi, an yi mata kuwa ana warkewa.

Yanzu sai ƙofar da ba tur'a ce ta buɗe ta ba, wadda muka zo da ita cikin jikinmu: amosanin jini, sikila, ko manjaliyya a bakin Larabawa, don ƙwayar jinin takan lanƙwashe kamar lauje. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a Shikago a 1910, a jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada. A 1926 Archibald na ɗakin binciken Wellcome da ke Khartum ya rubuta labarin wani mai ita a Sudan, kuma ana lissafa wannan cikin na farko da aka rubuta a nahiyar Afirka. Ƙwayar jinin mai sikila ba ta kai kwana 120, tsakanin 10 da 20 ta mutu, shi ya sa kullum yake cikin ƙarancin jini, idonsa da ɗan ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Lanƙwasassun kuma su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi, sai kumburin hannu da ƙafa ga jariri. Kafin a san haka, yaran da yawa an ce iska ce, ko maita, ko kuma uwarsu wabi take yi.

Me ya sa Allah Ya bar wannan gado ya yaɗu haka? A 1954 Anthony Allison, wanda ya yi bincikensa a Afirka ta Gabas, ya nuna cewa wanda ya gaji rabin abin daga iyaye ɗaya, wato mai AS, zazzaɓi mai tsanani bai cika kashe shi yana yaro ba. Ke nan garkuwa ce ga mai rabi, nauyi ga wanda ya haɗa biyu. Shi ya sa duk inda sauro ya daɗe za ka same ta. A Najeriya wajen mutum 1 cikin 4 na ɗauke da rabin, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara. A nan Sudan akan ji wasu na cewa cutar Fallata ce. Ba haka ba ne. Tana da yawa a cikinmu, gaskiya, amma tana da yawa ƙwarai cikin Misiriyya na Kurdufan da sauran Baggara, tana gabashin Saudiyya, tana Indiya.

Lissafinta ba wuya, musamman gare ka da ka san zaɓen bijimi. Mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Kowane ciki, ka ji, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba, ana iya jera uku, ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya. Mu kuwa zaman baƙunci ya sa mun riƙe auren zumunci gam, ɗan wa da 'yar ƙane, don kada zuri'a ta watse. Auren ba shi ke ƙirƙirar cutar ba, amma in tana cikin gida yana ƙara haɗa masu rabi da masu rabi. Jihar Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin wannan gado. Ko da doka ko babu, gwajin sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, kuma lokacinsa kafin a kai gaisuwa ne, ba bayan an sa rana ba, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu.

Ƙofar da ta fi kowace faɗi kuwa tukunya ce. Rashin ƙarfe shi ne kan gaba wajen kawo ƙarancin jini a duniya. Tun 1832 wani likitan Faransa mai suna Blaud ya haɗa ƙwayar ƙarfe don 'yan matan da suka ɗashe. A 1931 kuma Lucy Wills, tana aiki cikin matalautan mata masu ciki a Bombai, ta gano wani nau'in da ƙarfe ba ya warkarwa sai abin da ke cikin yis, wanda daga baya aka san shi da folik asid. Waɗannan biyun su ne ƙwayar da ake ba masu ciki a wurin awo har yau. Ciki ɗaya na cin ƙarfe wajen giram 1, ka tuna duka jarin babban mutum giram 3 zuwa 4 ne, na mace ma bai kai haka ba. Yarinyar da aka aurar tana kan girma, ta haihu, ta zubar da jini, ta sake ɗauka kafin yaye, daga wane asusu za ta biya? Irinta ce zubar jinin da wata za ta jure a wurin haihuwa ke tafiya da ita. In ka ga mai ciki na kwaɗayin farar ƙasa ko laƙar bakin kogi ko ƙanƙara, sau da yawa jiki ne ke kukan ƙarfe.

Dawa da gero suna da ƙarfe, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance shi sosai. Kisra da kunun tsamiya da duk abin da aka bari ya yi tsami sun fi, don tsamin na sassauta ɗaurin. Lemon tsami da tumatir da garin 'ya'yan kuka, gwangwales ɗin nan da kuke lodi buhu buhu, suna taimakon hanji ya ja ƙarfen wake da adas da ful da ganye in an haɗa su lokaci ɗaya. Shayi kuwa akasin haka yake yi. Wani bincike da aka buga a 1975 daga Johannasbag ya nuna shan shayi tare da abinci na rage ƙarfen da jiki ke ja ƙwarai. Mu ko a wannan ƙasa ba a ɗauke tire sai an ɗora buta. Ba wanda zai raba mutumin Jazira da shayinsa, ni ma ba zan gwada ba, amma mai ciki da yaro su ba shi tazarar awa 1 ko 2 bayan cin abinci. Ƙarfen da ya fi saurin shiga jiki na nama ne da hanta da kifi. A nan akwai abin dariya mai ban haushi: mu ne muka koya wa Sudan cin agashe, Bahaushe ke gasawa daga Madani har Bur Sudan, amma sau nawa tsinke ɗaya ke isa cikin gida wurin mai jego?

Makiyayi kuma ya ji wannan da kyau, nono abinci ne mai albarka amma kusan ba ƙarfe cikinsa. Jariri na zuwa da guzurin ƙarfen da zai kai shi wata 6. Daga nan in madarar shanu ce kawai da ɗan kunu, za ka gan shi ɓul-ɓul amma tafin hannunsa fari, ga yawan kuka, ga jinkirin tafiya, kuma rashin ƙarfe a wannan shekaru na taɓa kaifin ƙwaƙwalwa.

Saura kai ɗan kasuwa, mai ɗauko kwalaben maganin ƙarin jini daga wannan iyaka zuwa waccan. Wasu na da ƙarfe na gaske, wasu zaƙi ne da launi, wasu ƙwayoyin sa ƙiba da ake sayar wa mata kumburi kawai suke kawowa, ba sa ƙara ɗigon jini. Ko mai kyaun ma ba na kowa ba ne. Mai tsargiya in bai sha maganin tsutsar ba, kamar zuba ruwa ne a salka mai huji. Mai sikila ba ƙarfe ya rasa ba, wanda aka sha yi wa ƙarin jini ma ƙarfen yawa yake yi masa har ya cuci hanta da zuciya, abin da yake bukata folik asid ne da gidan sauro da ruwan sha da yawa da kulawar asibiti. Dattijon da jininsa ke raguwa ba dalili, ko bahayansa ya koma baƙi, a bincika cikinsa, kada a rufe da kwalba. Wanda aka tabbatar ƙarfe ya rasa kuwa ya sha har wata 3 bayan awo ya daidaita, kada ya tsorata in bahaya ya yi duhu, kuma a ɓoye ƙwayar daga yara don in suka haɗiye da yawa tana kisa. Wanzami ma ya duba idon mutum kafin ya kafa ƙaho. Mai jiri da kasala da bugun zuciya yakan ce mataccen jini ne ya taru masa, alhali mai ran ne bai ishe shi ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso Wad Madani a Disambar wannan shekara, garin bai koma hannun soja ba sai Janairun 2025. Tsakanin nan asibitoci da ɗakunan gwaji da ma'ajiyar jini na Jazira sun tsaya ko an wawushe su, awon ciki ya yanke, mutanen kambo da yawa sun watse, wasu an kashe su. Duk ƙofofin nan sun buɗe lokaci guda: ba feshi, ba firazikwantel, ba nama, masu sikila ba inda za a ƙara musu jini. Inda asibiti ya sake buɗewa, awon himogulobin ɗigo ɗaya ne daga yatsa, minti kaɗan. In an ce maka ya yi ƙasa, kada ka tashi daga gaban malamin asibiti sai ka tambaye shi dalili, a duba zazzaɓi, a duba fitsari da bahaya, yaro mai ciwon gaɓoɓi a yi masa gwajin manjaliyya. In kuma an ce mai haihuwa na bukatar jini, lafiyayyen namiji na iya ba da leda ɗaya, ƙasa da rabin lita, ruwan jinin ya dawo cikin kwana 1 ko 2, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni.